Yatsan Delko

Wata bakwai tana ƙarƙashin bedi,
tun ranar da muka kai Baba makwanci.
Kaji sun yi ƙwai a bayanta,
busasshen ganye ya cika gindin gilashi.
Alhaji Naruwa ya ce in ta tashi ya saya,
jikka ɗari shida, hannu da hannu,
kafin kasuwar Lahadi ta watse.

Na aro batir, na murɗa makulli.
Gur-gur-gur-gur. Shiru.
Kamar dattijo mai gyaran murya
wanda ya manta abin da zai faɗa.

Abarshi ya zo daga garejin Wadata
da ƙarfe uku a aljihu, goro a kunci.
Ya ce, mota ba aljana ba ce, yaro.
Abu uku take ci: mai, iska, wuta.
In tana juyi ba ta kamawa,
cikinsu wani bai zo taro ba.

Muka fara da mai.
Ya zare tiyo, ya tsotsa, ya tofar,
ya zagi tsohon isansi har kakansa.
Muka juye shi a ƙasa,
na sayo kwalba biyu a bakin gudoro.
Famfo na tofi daidai.
Ya ɗura mata murfi guda a maƙogwaro.
Gur-gur-gur. Ko tari ba ta yi ba.

Gidan iska kuwa ɓera ya gaje shi,
da ɓawon gujiya, da auduga, da 'ya'ya biyu busassu.
Muka kakkaɓe. Na murɗa.
Batir ya fara jan ƙafa.
Rana ta hau bisa katangar Tawa ta zauna.

Saura wuta.
Buji huɗu, baƙi ƙirin,
ya kankare su, ya kara ɗaya jikin inji.
Babu ƙyas.
Ya ce, riƙe mini wayar bobin.
Na riƙe. Ta harbe ni har gwiwar hannu.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi:
to, wuta na fitowa gida,
unguwa ce ba ta isa.
Mai rabon ya yi tafiya.

Ya ɓalle murfin delko. Ya daina tauna.
Sanda tsirara, babu yatsa bisa kanta.
Ya ce, wannan ba ciwo ba ne.
Hannu ne.

Sai na ga Baba bayan isha'i,
tocila a baki, kai cikin kafo.
Shekara nawa muna cewa ruwa yake dubawa.
Ashe linzamin yake cirewa
ya kwana da shi, don ɓarayin dare.

Inna na bakin zaure tana tsinkar zogala
tun hantsi. Ta ga isansin da muka zubar,
ta ga wuta ta harbe ni, ba ta ce uffan ba.
Na tsaya gabanta.
Ta gama reshen da ke hannunta tukuna,
sannan ta kwance haɓar zane.
Ɗan abu ja, bai kai dabino ba,
ɗumin jikinta na tare da shi.

Ta ce, ajiya ya ba ni.
Bai ce in ba mai saye ba.

Abarshi ya ɗora shi, ya rufe.
Murɗa ɗaya.
Ta yi tari, ta yi tsawa, ta kama,
hayaƙi ya tashi, kaji suka watse,
tazbahar Baba ta hau rawa jikin madubi.

Waya na kuka a aljihuna. Na san mai kira.
Abarshi ya ce jikka biyu, ban da goro.
Inna ta taso, ta dafa kafo
yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.
Isansi na ƙonewa, kwalba biyu kacal.
Ban kashe ba.
Wayar ta gaji, ta yi shiru, ta sake farawa.